Allon Suna Ɗaya Fam 64,500: Yadda Ake Yanka Wa Tarkacen Jirgin Ƙasa Farashi a Birtaniya

A watan Nuwamban 2018, a wani gwanjo da aka yi a garin Pershore na Ingila, an sayar da wani allon tagulla a kan fam 64,500. Babu abin da ke jikinsa sai kalmomi biyu, Flying Scotsman, sunan wani kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi da aka ƙera a Doncaster a 1923. Shi kansa wannan kan jirgin ɗungurungum, da tukunyarsa da ƙafafunsa da komai, fam 3,000 wani attajiri mai suna Alan Pegler ya saye shi a 1963, lokacin da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallame shi daga aiki. Ko an yi lissafin yadda darajar fam ta zube a tsakanin shekarun nan, allon shi kaɗai ya kai kuɗin da aka sayi jirgin gaba ɗaya.

Wanda ya saba ganin 'yan gwangwan suna ɗora ƙarfe a sikeli zai ce wannan ai almubazzaranci ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. Kasuwa ce mai ƙa'idojinta, kuma da wuya a ga kaya ya yi tsada a cikinta babu dalili. Abin da ke rikita mutane, har su kansu masu sha'awar jiragen, shi ne kaya ɗaya yana da kuɗi iri uku. Akwai kuɗin ƙarfensa a sikeli, akwai kuɗin wahalar kwance shi da gyara shi da kai shi hannun mai saye, sai kuma kuɗin abin da yake tuna wa mutum. Kusan duk wata gardama da ake yi a kan tsadar waɗannan kaya, idan ka bi ta, za ka tarar ɗaya yana magana a kan wani kuɗin, ɗaya kuma a kan wani.

Kayan sun fito ne daga wata gagarumar rushewa da aka yi cikin ɗan lokaci. A ranar 1 ga Janairun 1948 gwamnatin Birtaniya ta karɓe manyan kamfanonin jirgin ƙasa huɗu na ƙasar ta haɗe su wuri ɗaya, ta gaji kawunan jirgi masu tururi kimanin 20,000. A 1955 aka fito da shirin komawa dizal da lantarki. Kan jirgi mai tururi na ƙarshe da hukumar ta ƙera, Evening Star, ya fito daga masana'antar Swindon a 1960, kuma shekara biyar kacal ya yi yana aiki. A 1963 rahoton Richard Beeching, shugaban hukumar a lokacin, ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layin dogo mai tsawon mil 5,000. Zuwa watan Agustan 1968 an gama da tururi a manyan layuka. Ke nan a cikin abin da bai kai shekara goma sha biyar ba, dubban kawunan jirgi sun tafi wurin masu yanka ƙarfe, dubban tashoshi an rufe su, an sauke allunansu da agogonsu da fitilunsu da benci-bencinsu.

A wancan lokacin hukumar tana kallon kayan ne da idon sikeli. Mutum zai rubuta wasiƙa zuwa sito, a turo masa farashin allon suna, 'yan fam kaɗan, wanda bai wuce kuɗin tagullar da ladan ɗauka ba, a ba shi rasit. Da aka lura akwai masu so, sai a 1969 aka buɗe shago na musamman kusa da tashar Euston a Landan, Collectors' Corner, inda ake jibge tarkacen ana sayarwa. Tun a lokacin ma an fara ƙorafin tsada. Jirgin bankwana da tururi da ya tashi daga Liverpool zuwa Carlisle ranar 11 ga Agustan 1968, tikitinsa fam 15 da sule 15 ne, kuɗin da mutane da yawa suka ce hukumar ta tatsi masoyanta ne a ranar jimaminsu. Duk da haka jirgin ya samu fasinjoji, dubbai kuma suka yi dafifi a gefen layi.

Su wa ke saye? A 1942 wani matashin ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi mai jerin lambobin kawunan jirgi. Yara suka ɗauka da zafi. Yaro zai tsaya a ƙarshen dandamalin tasha da biro da littafinsa, duk kan jirgin da ya wuce ya ja layi a ƙarƙashin lambarsa, burinsa ya ga dukan 'yan rukuni ɗaya, wato kawunan da aka ƙera iri ɗaya. Yaran nan na shekarun 1940 da 1950 su ne suka zama dattawa masu fansho da gidan kansu a shekarun 1990 da 2000. Mutumin da ya yi shekara uku yana jiran wani kan jirgi ya biyo ta garinsu, ranar da ya ga allon sunansa a gwanjo yana da shekara sittin da biyar, ba lissafin tagulla yake yi ba. A wannan zamanin ne farashi ya yi tashin gwauron zabo, har a Disambar 2004 allon wani kan jirgi mai suna Golden Fleece ya kai fam 60,000, wanda shi ne ya riƙe kambu har zuwa 2018.

Abu na farko da ke yanka farashi shi ne adadi, kuma adadin a rufe yake. Kowane kan jirgi mai suna allo biyu gare shi, na dama da na hagu. Yana da allon lamba guda ɗaya a goshi, da ɗan ƙaramin faranti mai siffar ƙwai da ke nuna garejin da yake kwana, kamar 34A na King's Cross ko 81A na Old Oak Common, sai farantin kamfanin da ya ƙera shi. Shi ke nan. Golden Fleece ɗan rukunin A4 ne da Nigel Gresley ya tsara, guda 35 kawai aka yi, kuma ɗan'uwansa Mallard shi ne ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yulin 1938, gudun da har yau babu jirgi mai tururi da ya karya. A ɗaya ɓangaren, rukunin Hall na kamfanin Great Western sun haura 250, don haka allunansu ba sa yankewa a kasuwa, farashinsu kuma bai kama ƙafar na A4 ba. Rukunin King na wannan kamfanin, da yake 30 ne, kuma su ne ke jan manyan jiragen fasinja, sun fi su daraja nesa ba kusa ba.

Amma ƙaranci shi kaɗai ba ya sayar da kaya. Akwai ƙananan kawunan jirgi na cikin masana'antu da guda ɗaya tak aka ƙera, allonsu kuma ba ya yin wani kuɗin kirki, saboda babu wanda ya yi mafarkinsu yana yaro. Sunan da ke jiki yana da nasa nauyin. Misalin da ya fi burge ni shi ne na rukunin B17, waɗanda a shekarun 1930 aka sa wa 25 daga cikinsu sunayen ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa: Arsenal, Liverpool, Manchester United, Everton, West Ham United da sauransu. Allon a lanƙwashe yake bisa ƙafar jirgin, a ƙarƙashinsa akwai rabin ƙwallo na tagulla, gefe da gefe an shafa launin rigar kulob ɗin. Babu ko ɗaya daga cikin jiragen da ya tsira daga yanka, kuma an ba ƙungiyoyi da dama allo ɗaya kyauta. Na Norwich City ma an kafa shi a saman mashigar 'yan wasa a filinsu. To idan ɗayan ya fito gwanjo, masu taya iri biyu ne ke haɗuwa a kansa, masoyan jirgi da masoyan kulob. Gwanjo kuwa mutum biyu masu naci sun isa su kai kaya inda babu wanda ya zata.

A nan ma muna da namu rabon. Rukunin Jubilee guda 191 da William Stanier ya tsara a tsakiyar shekarun 1930, an sa wa da yawansu sunayen ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Mai lamba 45619 sunansa Nigeria. Mai lamba 45610 da farko Gold Coast ne, a 1958 aka sauya masa suna zuwa Ghana bayan ƙasar ta samu 'yanci. Huɗu ne kawai suka tsira daga rukunin, kuma waɗannan biyun ba sa ciki.

Allunan tasha su ma haka abin yake. Bayan 1948 an yi wa tashoshi wani allo na ƙarfe mai rufin tangaran, tsawonsa inci 36, faɗinsa inci 10, kowane yanki da launinsa: kore a kudu, ruwan ƙasa a yamma, shuɗi mai duhu a gabas, ruwan lemo a arewa maso gabas, shuɗi mai haske a Sikotland, ja mai duhu a yankin tsakiya. Daga 1965 aka fara sauke su. Babbar tasha mai dogayen dandamali tana da su da yawa, don haka nata ba su da wuyar samu. Ƙaramar tashar ƙauye da aka rufe a zamanin Beeching, wataƙila 'yan kaɗan aka taɓa yi mata, cikinsu ma wasu sun bi juji. Sau da yawa allon ƙauyen da ba kowa ya san shi ba ya fi na babban birni tsada.

Inda kuɗi ya yi yawa, jabu ba ya nisa. A nan ne ido da hannu ke aiki. Gogaggen mai saye ba ya ɓata lokaci a kan fuskar allo, juya shi yake yi. Bayan allo na ainihi yana ɗauke da baƙin hayaƙi da maiƙon da suka daskare shekara da shekaru, da shatin inda ya manne da jikin jirgi, ramukan noti sun ɗan goge saboda jijjiga, wani lokaci har da lambar jirgin da aka buga da guduma a masana'anta. Sai kuma ya ɗauko tef. Mai yin jabu yakan danna allo na ainihi a cikin yashin zubi ya fitar da siffarsa, ya zuba narkakkiyar tagulla. Tagulla kuwa idan ta huce tana tsukewa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Allon da tsawonsa mita ɗaya ne, jabunsa zai gaza da kusan santimita ɗaya da rabi, ramukan notinsa ba za su zauna daidai da na asali ba, gefen haruffansa kuma zai yi laushi. Allunan Great Western ba zubi ba ne ma, haruffan tagulla ne aka kafe ɗaya bayan ɗaya a kan farantin ƙarfe, don haka a nasu kan ƙusoshin ake dubawa.

Wannan ya sa wani abu da zai ba mai sayar da tsohuwar mota mamaki: gyara yana iya rage kuɗin kaya. Magajin da ya tsinci allo a garejin mahaifinsa, ya kankare shi fes, ya yi masa sabon fenti gaba da baya, ya goge shaidar da za ta tabbatar da shi da hannunsa. Masu gwanjo suna rubuta a kundinsu cewa kaya yana nan yadda aka cire shi daga jirgi, kuma wannan jimla kuɗi ce. Haka tsohon rasit ɗin hukumar na shekarun 1960, takardar da ta yi ja ta yi laushi, idan ta biyo kayan tana ƙara masa daraja, domin ta nuna ba sata ba ne kuma ba jabu ba ne.

Kuɗin da aka buga guduma a kansa ba shi ne mai saye ke biya ba, ba kuma shi mai kaya ke karɓa ba. Mu ɗauka an tsaya a fam 1,000, gidan gwanjon kuma yana ɗora la'adar kashi 15 cikin ɗari. Mai saye zai ƙara fam 150, da harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar, fam 30, ya biya 1,180 kafin kuɗin dako. Shi ma mai kaya za a cire masa tasa la'adar. Wanda ya saya yau ya sayar gobe a farashi ɗaya, faɗuwa ya yi.

Masu ɗaukar abin a matsayin jari su yi hattara da wani abu kuma, wato shekarun masu saye. Yaran 1950 yanzu sun haura tamanin, da yawa sun rasu, 'ya'yansu suna fito da tarin kayan gida guda zuwa kasuwa a lokaci ɗaya. Manyan sunaye irin su Flying Scotsman suna nan daram, amma matsakaitan allunan jiragen tururi ba su riƙe farashin da suka kai a shekarun 2000 ba. Masu kuɗi a aljihu yanzu su ne yaran shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka taso da ƙarar dizal, don haka allunan rukunin Deltic guda 22 da na Western guda 74, da dattawan da suka gabata suke yi wa kallon raini, su ne ake rububi.

Duk wannan maganar tsofaffin kaya ce. Gardamar da ta fi zafi a yau ita ce ta kayan da ake cirowa daga jiragen da aka sallama kwanan nan. A watan Satumban 2012 aka janye taragun layin Metropolitan na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, waɗanda suka fara aiki a 1961. Su kaɗai suka rage masu ragar ɗora kaya a saman kujeru. Aka kwance ragogin, gidan tarihin sufuri na Landan ya sayar da su, mutane suka kafa su a ɗakin girki da zaure suna ɗora littattafai da huluna. Irin wannan ciniki ya zama ruwan dare: kujeru, maɓallan buɗe ƙofa, allunan nuna zango, yadin kujera. Kuma duk lokacin da aka fitar da farashi, sai a ji masu sha'awar suna cewa, kayan da za a jefa wa masu narkarwa a kan kuɗin sikeli, don me za a tsuga mana kuɗi haka?

Na fahimci zafinsu, amma lissafin nasu ya tsallake kuɗi na biyu, wato na wahalar kwance kaya. Mai yanka ƙarfe da ton yake sayen tarago, ribarsa tana cikin sauri, ya sa wuta ya yanka ya loda. Kafin a ciro raga ɗaya ba ta lanƙwashe ba, sai an sa ma'aikaci da sifana ya bi notin da suka yi shekara hamsin a ɗaure, a tarago bayan tarago, a cikin fili mai haɗari da ke buƙatar izini da inshora. A tsofaffin taragu kuma akwai fargabar asbestos, wanda ƙurarsa ke illata huhu, sai ƙwararru. Bayan nan a wanke, a adana a sito, a ɗaure a kwali, a aika. Idan ba a biya wannan wahala ba, babu wanda zai yi ta, kayan kuma su narke da sauran jirgin. Sannan akwai abin da kowa ya sani: idan aka sayar da arha, 'yan kasuwa ne za su kwashe cikin awa ɗaya su dawo da su intanet ninkin ba ninkin, ribar da za ta shiga asusun gidan tarihi ta faɗa aljihun wani.

Inda nake tare da masu ƙorafin shi ne idan aka sayar da kaya mai ɗaruruwan kwafi da farashin kaya mai kwafi biyu. Maɓallin ƙofa da ke jikin kowane tarago ba allon A4 ba ne, kuma kiran sa da sunan abin da ba a samu yaudara ce. Adalci shi ne mai sayarwa ya faɗi guda nawa aka ciro, daga wane tarago, kuɗin kuma ina za shi. Ya kamata kuma a ware wani abu mai sauƙin kuɗi domin tsoffin direbobi da masu gyara da fasinjojin da suka yi rayuwarsu a layin, a kuma ba ƙungiyoyin da ke raya tsofaffin jirage damar farko. Wurinsu fitila ko marikin ƙofa kayan gyara ne da jirgi ke buƙata ya motsa.

Wannan batu na ƙarshe yana da tarihi. A garin Barry na yankin Wels, filin yankan ƙarfe na Dai Woodham ya sayi kawunan jirgi 297. Da yake yankan taragun kaya ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, sai aka bar kawunan suna tsatsa a gefe, kuma daga 1968 zuwa 1990 ƙungiyoyin sa kai suka fanshi 213 daga cikinsu. Sai dai sun same su tsirara, babu allon suna, babu usur, babu agogon auna tururi, babu bututun jan ƙarfe. Wasu tun a hukumar aka cire, wasu an ɗauka don gyaran wani jirgin, wasu kuma hannu ne ya bi ta kansu. Shi ya sa a yau za ka ga kan jirgi da aka kashe shekara ashirin ana gyarawa yana tafiya da kwafin allonsa, na ainihin yana bangon falon wani ko a ɗakin ajiya na banki, ko dai don masu jirgin ba su iya sayensa ba, ko don suna tsoron ɓarayi. Wannan shi ne abin da ya fi damu na a kasuwar. Ta ceci dubban kaya daga wuta, wannan gaskiya ne, amma ta kai mafi kyawunsu inda jama'a ba sa gani.

Birtaniya ta ɗan toshe wannan ɓaraka. Da aka sayar da harkar jiragen ga 'yan kasuwa, sai a 1996 aka yi dokar da ta ba wani kwamiti ikon ware kayan da ke da muhimmancin tarihi, ta yadda kamfani ba zai sayar ko ya lalata su ba sai da izini. Tun 2013 wannan iko yana hannun amintattun gidan tarihin kimiyya, wanda gidan tarihin jiragen ƙasa na York ke ƙarƙashinsa. Su ne ma suka sayi Flying Scotsman ɗin kansa a 2004 a kan fam miliyan 2.3, da taimakon gudummawar jama'a.

Jirgi ya iso Kano tun 1911, kuma kawunan da suka ja gyaɗa da auduga da fasinja a layukanmu, yawancinsu a Birtaniya aka ƙera su, a kamfanoni irin su Vulcan Foundry da North British na Glasgow, har da wani rukuni da aka sa wa sunayen koguna. Kowannensu ya zo da farantin maƙerinsa mai ɗauke da shekara da lambar aiki, kuma irin waɗannan farantai na jiragen da aka ƙera don Afirka da Indiya suna fitowa a gwanjon Ingila. A nan gida akwai abin da aka adana, kamar ragowar ƙaramin jirgin da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957, da ke harabar gidan tarihi na Jos, da ɗan gidan tarihin reluwe na Jaekel House a Ebute Metta a Legas. Bai kamata wani ya haɗa wannan magana da ta masu kwance noti da ƙarafan layin da jirgi ke bi ba, wannan sata ce mai iya kashe mutane. Maganata a kan matattun kawuna da taragun da ke kwance cikin ciyawa a tsofaffin tashoshi ne. Kafin a yi gwanjonsu da ton, a tura mutum biyu da kyamara da littafi, su rubuta lambar kowanne, su cire allon suna da farantin maƙeri da ƙararrawa da agogo, a miƙa wa hukumar gidajen tarihi ta zaɓi nata, sauran a sayar a fili da rasit mai ɗauke da lambar jirgin da aka ciro su.